Tumbin Yaya

Ni tela ne, kuma tun ina koyo nake da wata ɗabi'a da maigidana ya yi ta faɗa bai raba ni da ita ba. In ina auna mutum, da ƙarfi nake faɗin awon. Wuya kaza, kafaɗa kaza, ciki kaza. Ko shago cike yake da mutane, ko ni da mai kayan ne kaɗai, sai na faɗa. Akwai waɗanda suka daina kawo mini ɗinki saboda haka, su ta shafa. Shagona yana bakin titin da ya nufi shingen kwastan a Jibiya, in na ɗaga kai daga keke ina hango motocin da ke jiran a ɗaga musu sanda su wuce Maraɗi.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai. Siriri ne tun haihuwa, irin mutanen da in sun juya gefe sai ka neme su. Sana'arsa kuwa ita ce ya tafi Maraɗi da safe yana siriri, ya dawo bayan la'asar yana ƙato. Lokacin an hana shigo da atamfa daga waje, mata kuma sun rantse ba za su ɗaura ta gida ba. To shi Yaya sai ya sayi turmi uku ko huɗu, ya shiga bayan wani shago a naɗe masa su a ciki, ya zura babbar riga a kai, ya taho yana tafiyar agwagwa. Ni nake ɗinka masa rigunan, da faɗi sosai, da wata 'yar ciki mai igiyoyi da ke riƙe kayan kada su zamo.

Dabarar ta ci ne saboda zamanin. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya haukata ƙasar nan. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, malaman makaranta suka sayi babura, masinjoji suka sayi rediyo mai kaset, wani mutumin Daddara ya sayo firji alhali ko wayar wuta babu a garinsu, ya riƙa ajiye takalmansa a ciki. Kowa kuma yana son tumbi. Tumbi shi ne shaidar cewa rabonka ya iso. Na sha samun mutum ya zo ya ce in matse masa kaftani a tsakiya don cikin ya fito, cikin da babu shi. Saboda haka mai babban ciki a kan iyaka ba abin kallo ba ne, sai dai in kai ka san shi da safe.

Akwai wanda ya san shi da safe. Wani kofur ne na kwastan, Kirista daga can wajen Jos, baƙi gajere, Hausarsa tana ɗan karkacewa amma ba ya rasa magana. Yana da 'yar sanda da yake zungurar buhuna da ita. Shi da Yaya suka shekara biyu suna wasan ɓuya. Wata rana Yaya ya saje cikin masu rakiyar amarya ya wuce, wata rana kofur ya zungure shi ya ji taushin atamfa, ya ja shi ɗaki ya warware shi kamar rawani. In an kama shi ya dawo gida yana zagi, in ya tsallake ya dawo yana kwaikwayon tafiyar kofur har Inna, mahaifiyarmu, ta yi ta dariya tana goge hawaye. Ban taɓa jin ɗayansu ya ƙi ɗaya ba, gaskiya. Aiki ne ya haɗa su.

Wata damina Yaya ya yi shawara. Idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, ya kwanta sati uku. Inna ta yi ta dafa masa saiwoyi, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, sannan muka kai shi wurin mai allura na ranar kasuwa. Mutumin nan allura ɗaya gare shi tal, yana tsoma ta a gwangwanin ruwan ɗumi tsakanin mutum da mutum, mu kuma muna layi muna ture juna, don a zamanin duk wanda ya samu sukuni sai ya je an yi masa allurar ƙarfi ko lafiyarsa ƙalau. Ni ma an yi mini ba sau ɗaya ba. Sai da na tsufa, bayan ƙanjamau ya shigo ina ganin samari suna mutuwa da irin idon Yaya da irin cikinsa, wata malamar asibiti ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce akwai ƙwayar cuta da ke bin jini, ta allura ko aska ko daga uwa, ta zauna a hanta shekaru tana ci shiru, kuma in ta haɗu da ƙanjamau a jiki ɗaya sau da yawa hantar ce ke fara kashe mutum. Ta auna jinina ta ce ni ma ina da ita, tana barci. A wancan lokacin ba mu san ko ɗaya daga wannan ba. Yaya ya tashi, muka ce ya warke.

Bayan kamar shekara sai cikinsa ya fara fitowa.

Zo ka ga murna. Inna ta ce addu'arta ce ta karɓu, ɗanta ya daina kama da wanda aka yi wa baki. Mutanen da a da ko gaisuwarsa ba sa amsawa da kyau suka fara ce masa Alhaji, shi da iyakar tafiyarsa Maraɗi. A masallaci aka riƙa matsa masa ya shiga sahun gaba. Mutum biyu daga Farfaru suka zo da rigimar iyakar gona wai ya raba su, ya kuwa zauna ya shafa ciki ya raba su, suka tafi suna godiya. Wani ɗan kwangila ya tare shi a tasha ya ce ya gaya masa gaskiya, wace hanya ya samu a Kaduna? Yaya ya yi murmushi ya ce, "Sirri ne." Tun daga ranar labari ya bazu cewa yana da babban mutum a sama.

Shi ma kansa ya yarda. Yana zuwa shago ya tsaya gaban madubina ya juya hagu ya juya dama.

"Tela," haka yake kirana, ko sunana ba ya faɗa, "auna ka faɗa su ji."

Ni kuma in zagaya tef in ɗaga murya, "Ciki talatin da shida." Bayan wata biyu, "Ciki talatin da tara." 'Yan zaman shago su yi ta tafi kamar an ci ƙwallo.

Wanda abin ya rikita shi ne kofur. Da safe ya ga Yaya zai fita ƙasa da ƙaton ciki, abin da bai taɓa gani ba. Ya ce a ransa mutumin nan ya fara fita da kaya ke nan. Ya zungure shi, ya ji tauri kamar ganga. Ya ja shi ɗaki, ya ce cire riga. Yaya ya cire. Ya ce cire ta ciki. Ya cire. Kofur ya zagaya shi sau biyu yana neman bakin zare, babu komai sai fata mai sheƙi da cibiya ta turo waje. Yaya ya fito yana gyara hula, ya ce wa jama'ar da ke layi, "Ku shaida, gwamnati ta duba ta tabbatar, nawa ne."

Da la'asar aka sake yi. Washegari ma haka. Sauran ma'aikatan suka ce lallai akwai sabuwar dabara, sai sun gano ta. Har wani babbansu ya zo daga Katsina ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya kara kunne yana saurare kamar mai zaɓen kankana.

A nan ne shaiɗan ya kawo mini shawara, kuma ba zan ɗora wa kowa ba, tawa ce. Na ce wa Yaya, tunda duk ranar da ka zo shinge mutum huɗu ke barin aikinsu su bi ka ɗaki, me zai hana ka daina ɗaukar kaya, wasu su riƙa ɗauka suna biye da kai? Haka aka yi. Yaya ya shiga gaba yana nishi yana waige-waige kamar mara gaskiya, a yi caa a kansa, a bayansa kuma mutum biyar sirara da suka yi ƙiba a yini ɗaya su sulale su wuce. Dukansu ni nake ɗinka wa 'yar ciki mai igiyoyi. Na sayi keke na biyu. Yaya bai taɓa jin daɗin duniya kamar lokacin ba, ana biyansa don ya tuɓe riga.

Sai dai tef ba ciki kaɗai yake aunawa ba. Wuyan Yaya da na sani sha biyar ne tun yana saurayi, ya koma sha huɗu, ya koma sha uku da rabi. Damtsensa na zagaye shi da yatsu biyu. Kafaɗar riga ta fara zamowa. Mai ƙibar gaske ko'ina yake cika, na auna alhazai ba adadi, wuyansu ke fara ninkewa kafin ciki. Wannan kuwa kamar ana kwashe naman jikinsa ne ana zubawa wuri ɗaya. Ga shi tuwo loma uku ya ture kwano, ya ce ai manya ba sa ci da yawa. Ya riƙa sosa jiki har ya yi jini. Na gani, na gane wani abu ne, ban san sunansa ba amma na san ba arziki ba ne. Abin da na yi shi ne, in ya zo awo in ɗaga murya in faɗi ciki, in na zo wuya in rubuta a takarda in yi shiru.

Wata Lahadi da hantsi sai ga kofur a shagona cikin kayan gida, da wando a hannu wai a rage masa tsawo. Ya jira mutane suka ragu, ya matso.

"Maigida tela, ɗan'uwanka ba ƙiba yake yi ba. Ni nake ganinsa babu riga sau biyu a rana, har matarsa ba ta kai ni ba. Ruwa ne a cikin nan. Haka babana ya yi, haka jijiyoyi suka fito masa a ciki. Ka kai shi asibiti."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda aka faɗa wa abin da ya riga ya sani. Na ce masa baƙin ciki ne, ya gaji da neman kaya bai samu ba shi ne ya koma duba. Na ce in likita yake son zama ya ajiye sanda ya tafi makaranta. Na jefa masa wandonsa na ce ba na ɗinkin ma'aikata. Mutumin nan ya naɗe wando ya fita. Daga ranar ya daina jan Yaya ɗaki, sai dai sauran su ja shi. Har yau in na tuna abin da na faɗa masa kunya nake ji.

Na ce a raina bari Sallah ta wuce, ɗinki ya yi yawa. Sallah ta wuce, na ce bari a gama bikin 'yar maƙwabcinmu. Wata uku na ƙara a kan maganar kofur. Ban sani ba ko wata ukun nan da sun canza wani abu, malamar asibitin nan ta ce da wuya. Amma ni na san dalilin da ya sa na jira, kuma ba tausayi ba ne kaɗai.

Ranar da ya kasa sunkuyawa ya yi ruku'u, ya zauna a sahun gaba yana haki, na ɗauki shatar akori-kura na kai shi wani asibitin mishan can bayan Maraɗi. Na ce masa za a duba ƙaiƙayin ne. Likita Bature ne, da tafinta. Ya kwantar da shi, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarin dama, Yaya ya yi ƙara. Suka soka masa wata allura mai roba a gefen ciki suka ajiye bokiti. Ruwa ya yi ta zuba, rawaya kamar man gyaɗa. Bokiti ya cika aka kawo wani. Yaya yana kwance yana kallon tumbinsa yana sauka.

"Tela, ka tsaya kana kallo ana sace ni?" in ji shi. "Shekara guda ina tara abin ga. Ka ce su maida mini ko rabi."

Har tafinta sai da ya yi dariya. Ni ma na yi, ban san lokacin da ta koma kuka ba, na fita waje.

Likita ya biyo ni baranda da tafintansa. Ya ce hantar ta ƙandare, kuma akwai ƙari a kanta da ya riga ya yi girma, irin wanda ba a yankewa. Ya ce ruwan zai dawo cikin 'yan makonni. Ya ba mu ƙwayoyin rage zafi ya ce in kai shi gida wurin mahaifiyarsa. Na koma ciki na ce wa Yaya an ce ya warke, hutu kawai yake buƙata. Ya dube ni ya ce to madalla.

Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Da muka shigo Maraɗi ya ce direba ya tsaya a kasuwa. Na ce wace kasuwa kuma, mutum ko tsayuwa ba ya iyawa? Ya ce shi ba zai shiga Jibiya haka ba, a ce Alhaji ya karye. Na riƙe shi muka ratsa layin 'yan atamfa, bai ko kalle su ba, ya wuce wurin masu farin yadi. Ya sa aka sauko da bandir na alawayyo, ya murza shi da yatsu, ya ce wannan sitaci ne, a kawo na ƙwarai. Aka kawo. Ya faɗi yadin da yake so aka yanka. Ni tela ne, na san abin da ake yi da alawayyo mai wannan tsawo. 

Muka shiga bayan shagon da aka saba naɗe shi. Ya cire riga ya ɗaga hannuwa sama, haƙarƙarinsa duk a waje, fatar cikin ta yi yaushi tana reto. Na fara zagaya masa yadin.

"Na ga ya yi yawa," na ce, don dai in ce wani abu.

"Ruwan zai dawo. Tagar ɗakin a buɗe take, tafintan nan kuma murya gare shi kamar taka." Ina ci gaba da naɗi ya ƙara da cewa, "Ba ma sai da ya faɗa ba. Tun kafin watan azumi ka daina faɗin wuya."

Hannuna ya tsaya.

"Kai da ko gawa aka kawo maka sai ka faɗi awonta da ƙarfi. Na ce tunda Tela ya yi shiru, abin babba ne."

Na ce, "Yaya, me ya hana ka tambaye ni?"

"Kai mi ya hana ka faɗa? Ni dai ina jin daɗin sahun gaba. Ja da kyau, kada ya zamo."

Na ja na ɗaure. Ya zura babbar riga, ya shafa ciki, ya koma Alhajinsa.

A shinge dole kowa ya sauka daga mota ya taka da ƙafa. Kofur ne a bakin aiki. Yaya ya ture hannuna ya ce shi kaɗai zai wuce, ya kama tafiyar agwagwarsa ta da. Ina biye da shi sai na dubi ƙasa. Ashe ban ɗaure da kyau ba, bakin yadin ya kwance, ga farin alawayyo kusan kamu guda yana jan ƙasa a bayan rigarsa. Makaho ma zai gani.

Kofur ya dubi fuskar Yaya, ya dubi wuyansa, ya dubi abin da ke jan ƙasa. Ya saƙale sandarsa a hamata. Ya ce, "Alhaji, tsaya, rigarka ta kwashi ƙaya." Ya zagaya bayansa ya durƙusa, ya kakkaɓe ƙasar da ke jikin yadin, ya naɗe shi ya cusa ƙarƙashin riga, ya gyara bakin rigar. Ya miƙe ya ce, "Ƙiba sai ƙaruwa take. Wuce." Ni bai ko kalle ni ba.

Muna komawa mota Yaya ya fashe da dariya har yana riƙe gefen dama.

"Ka gani? Shekara guda suna tuɓe ni babu komai. Yau da na ɗauko kaya da gaske, ya ce in wuce. Wallahi mutumin ga bai iya aiki ba."

Kwana goma sha tara ya yi a ɗakin Inna, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin yadda ya yi wa kofur wayo. Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa mutanen Farfaru, ya faɗa wa ɗan kwangilar nan. Ina zaune ina ji, ban gyara masa ba. Ruwan ya dawo kamar yadda aka ce, har ya fi na da. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi.

Masu wanka suka aiko in kawo likkafani. Na ɗauko alawayyon na tafi shago na shimfiɗa a tebur, ƙurar shinge tana nan a bakinsa inda ya ja ƙasa, na yanke wurin. Na shiga gida da tef. Dattawa biyu suna tsaye a kansa, ɗaya ya ce ai ba a auna mamaci da tef, da ido ake yi. Na ce su matsa. Na zagaya cikin na ce arba'in da huɗu. Likkafani ba ya buƙatar awon wuya, amma na ɗaga kansa a hankali na zura tef ɗin.

"Wuya sha biyu," na faɗa da ƙarfi, har Inna ta ji daga tsakar gida.

Yadin ya isa daidai, ko ƙyalle bai ragu ba.